Tarihin Afirka Tarihin Tafiya Ne

Mai girma Sarkin Hausawa, malamai, iyaye da 'yan'uwa mazauna Agege.

Masana sun ce daga Afirka ɗan Adam ya bazu cikin duniya. A ƙasarmu ma, a 1987 an gano wani kwalekwale a Dufuna, jihar Yobe ta yanzu, mai shekara wajen 8,000. Kun ga tun fil azal mutanen nahiyar nan matafiya ne.

Daga baya raƙuma suka riƙa ƙetaro Sahara da gishiri, su koma da zinariya. Cinikin nan ne ya ɗaukaka daulolin Gana, Mali da Songhai. Daga Malin Wangarawa suka zo Kano da Musulunci zamanin Sarki Yaji. Fatakenmu kuwa suka bi hanyar Gwanja neman goro.

A 1884 Turawa suka zauna a Berlin kan rabon Afirka. Da suka shimfiɗa layin dogo daga Ikko zuwa Kano, goron nan dai ya jawo kakanninmu Agege.

To jama'a, mu koya wa yaranmu wannan tarihi, kada su ɗauka zamanmu nan haɗari ne. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu Yarbawa. Wassalam.