Takarda ko Na'ura: Lacca kan Tattara Bayanan Lafiya a Karkarar Arewacin Kano

 

Mas'alar da aka ɗora mini ita ce: idan hukuma ta yi nufin sanin halin lafiyar talakawanta, shin a takarda za ta rubuta tambayoyinta, ko kuwa a na'ura za ta zuba su, su bi ta intanet? Zan tsayar da maganata a kan ƙasar da muka sani, wato Ɗambatta da Bichi da Kunchi da Tsanyawa da Minjibir, inda gona ke manne da gona, gida na hangen gida, har masanin ƙasa Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazarin yadda jama'a masu yawa haka suke ci daga ƙasar da ba a barinta ta huta.

Takarda tana da falalarta, domin ba ta neman caji, ba ta jiran sabis, kuma maigida yana ganin abin da ake rubutawa a zaurensa. Amma duk wanda ya taɓa fita wannan aiki da damina ya san aibinta: ruwa ya jiƙa ta, gara ta ci gefenta, ma'aikaci ya tsallake tambaya bai sani ba, sannan bayan an ɗaure ta an kai birni, wani magatakarda ya sake kwafe ta cikin kwamfuta, ya ɗora nasa kuskuren a kan na farko, har watanni su shuɗe, ƙyandar da ake tambaya a kanta ta gama ɓarnarta kafin labarinta ya isa ga masu magani. Mafi munin duka shi ne ma'aikacin da zai zauna a gindin bishiya ya cike takardun gida ashirin, alhali bai yi sallama a ko ɗaya ba.

Na'urar hannu ta toshe yawancin waɗannan kafofi, saboda tana ƙin karɓar amsar da hankali ba zai ɗauka ba, tana kai ma'aikaci ga tambayar da ta dace, tana riƙe lokaci da wurin da aka yi hira, kuma tana adana amsoshi ko babu sabis, ta aika da su sa'ad da aka samu. Da ita Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar da babban binciken lafiyar al'umma na 2018, inda aka yi hira da mata 41,821, da tambayoyin da aka fassara zuwa Hausa da Yarbanci da Ibo. Haka kuma a yaƙi da shan inna an yi amfani da wayoyi wajen bin sawun masu riga-kafi, domin a gano ƙauyukan da aka tsallake, kafin a ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a watan Agusta na 2020.

Sai dai akwai hanya ta uku, wadda nake jan hankalinku gare ta, wato a aika wa mutum tambayoyi ta wayarsa ya cike da kansa. A ƙasarmu sau da yawa wayar ta maigida ce, uwargida tana cikin kulle, dattijon da ya ƙware a ajami boko ya yi masa nisa, kuma wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin kaka ba zai sayi kati don ya amsa wa hukuma ba. Saboda haka malaman makaranta da 'yan kasuwa da samari su ne za su amsa, a rubuta lafiyarsu a matsayin lafiyar ƙasa baki ɗaya, mai jego da yaro mai tamowa kuwa, waɗanda dominsu aka yi binciken, su faɗi daga lissafi. Wannan zalunci ne, ko da ba a yi nufinsa ba.

Malaman hadisi sun sharɗanta wa mai riwaya abu biyu: kiyayewa da adalci, kuma su ake buƙata ga mai tattara bayanai. Na'ura tana ƙarfafa kiyayewa, amma adalci da amana a zuciyar mai tambaya suke. Wace na'ura ce ta san cewa uwa tana jin nauyin ambaton ɗan farinta, ko tana ɓoye ƙaramin ciki, ko ba ta son lissafa 'ya'yan da suka riga ta gidan gaskiya? Mace 'yar gari, wadda ta iya gaisuwa, ta san yadda ake gano shekarun yaro ta hanyar azumi da damina, ita ce ke samun waɗannan amsoshi. Kuma kada mu manta jama'ar nan sun gaji tsoron ƙirga tun zamanin haraji da jangali, sun ga abin da ya biyo bayan gwajin maganin Trovan a Kano a 1996, sun ga dakatar da riga-kafin shan inna a 2003. Shakkarsu tana da dalili, kuma gaskiya da riƙon sirri ne kaɗai ke kawar da ita.

Shawarata ke nan: a ba ma'aikaci amintacce na'ura, a bar masa takarda a jaka saboda ranar da caji ya ƙare; a shiga gari ta ƙofar dagaci da mai unguwa da liman; a nemi izinin kowa a fili, wanda ya ƙi a ƙyale shi; a bar cikewa ta waya ga ma'aikatan asibiti da ɗalibai; sannan idan an gama, a komo a gaya wa mutane abin da aka samu, domin haƙƙinsu ne.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu cika amanar da muka ɗauka.