Sauye-sauyen Tallafi a Birtaniya da Makomar Naƙasassu 'Yan Haya

 

An nemi in yi bayani a kan haƙƙin naƙasasshe ɗan haya, na kuma zaɓi in ɗauko misali daga ƙasar Birtaniya. Dalili shi ne, can ne aka daɗe da tsarin taimaka wa marasa ƙarfi biyan kuɗin haya, can ne kuma aka ga abin da ke faruwa idan gwamnati ta taɓa wannan tsari. Mu da yawancinmu haya muke yi a garuruwan da muke zaune, akwai abin koyo a ciki.

A shekarar 2010 gwamnatin David Cameron ta hau mulki da niyyar rage kashe kuɗi. A lokacin, tallafin haya kaɗai yana cin fiye da fam biliyan 20 a shekara. Sai majalisa ta zartar da dokar gyaran tallafi a 2012, aka fara aiki da ita a watan Afrilu na 2013. Zan ɗauki abubuwa uku daga ciki.

Na farko shi ne abin da jama'a suka laƙaba wa suna "harajin ɗaki". Duk wanda ke haya a gidan ƙaramar hukuma ko na ƙungiyar samar da gidaje, kuma bai kai shekarun fansho ba, sai a ƙirga masa ɗakunan kwana. Miji da mata ɗaki ɗaya. Yara biyu 'yan ƙasa da shekara 10 ɗaki ɗaya. Maza biyu ko mata biyu 'yan ƙasa da shekara 16, su ma ɗaki ɗaya. In an ga rarar ɗaki guda, sai a zabtare kashi 14 cikin 100 na kuɗin hayar da ake lissafa tallafi a kai. In biyu ne ko fiye, kashi 25. Misali, in haya fam 100 ce a mako, sai mutum ya nemo fam 14 ko 25 daga kuɗin cefanensa ya cika. Hujjar gwamnati ita ce, ga iyalai a cunkushe suna jiran gida, ga wasu da ɗakuna a rufe.

To amma ina gizo yake saƙa? Ɗakin da takarda ta kira rara, a wurin naƙasasshe shi ne ma'ajiyar keken guragu da na'urar numfashi, ko makwancin mai jinya. Lissafin ita kanta gwamnati ya nuna cewa daga cikin mutum 660,000 da abin zai shafa, kimanin 420,000 suna da naƙasa, ko su ko abokan zamansu. An ce su koma ƙananan gidaje, alhali gidaje masu ɗaki ɗaya sun yi ƙaranci. Ga shi kuma an riga an kashe kuɗi an gyara wa da yawansu gida, an faɗaɗa ƙofofi, an sa abin dafawa a banɗaki. Binciken gwamnati na 2014 ya gano cewa waɗanda suka iya komawa ƙaramin gida a wata shida na farko ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Sauran sai matse baki ko tara bashin haya.

An ware wani asusu a hannun ƙananan hukumomi don cike giɓin. Sai dai wannan alfarma ce: sai ka nema, a ba ka na 'yan watanni, ka sake nema, in kuɗin sun ƙare shi ke nan. Gwamnatin yankin Sikotilan ita ce ta zuba isassun kuɗi a asusun don ta ɗauke wa mutanenta wannan nauyi.

Na biyu, an sauya alawus ɗin naƙasa na manya, daga wanda ake kira DLA zuwa PIP, tare da sabuwar tantancewa mai ba da maki. Wannan alawus ba kuɗin haya ba ne, amma shi ne mabuɗin ƙofofi da yawa. Gidan da ake karɓarsa ba ya shiga ƙarƙashin iyakar da aka sa wa jimillar tallafin iyali, wadda a 2016 aka rage zuwa fam 23,000 a shekara a Landan, da fam 20,000 a sauran wurare. Wanda yake karɓar kason kula da kai na alawus ɗin, ba a rage masa tallafin haya don babban ɗansa yana zaune tare da shi. Ke nan ranar da mai tantancewa ya hana mutum maki, ba alawus kaɗai ya rasa ba, har rufin da ke kansa ya fara girgiza.

Na uku, an haɗe tallafi iri shida zuwa guda, ana biya wata-wata, har da kuɗin haya a ciki. Sabon mai nema yakan jira kimanin mako biyar kafin kuɗin farko su shigo, mai gida kuwa ba ya jira. Haka nan wani ƙarin kuɗi da masu tsananin naƙasa da ke zaune su kaɗai suke samu a tsohon tsari ya ɓace a sabon, har sai da babbar kotu ta ce a 2018 an nuna bambanci ga waɗanda suka rasa shi don kawai sun yi ƙaura zuwa wata ƙaramar hukuma.

Jama'a, mutanen nan ba su naɗe hannu ba. Wata mata mai ciwon laka, wadda dole ta kwana a gadon asibiti ita kaɗai, mijinta a ɗaki na biyu, ta kai ƙara. Haka wasu kakanni da ke riƙon jikansu mai buƙatar masu jinya da dare. A watan Nuwamba na 2016 Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya, a watan Afrilu na 2017 aka gyara ƙa'idar ta ba irinsu ƙarin ɗaki. Sai dai kotun ta kori ƙarar wasu, ta ce asusun alfarma ya wadatar da su. Ko a 2025, da gwamnati ta kawo shirin ƙara tsaurara ba da makin PIP, matsin lambar ƙungiyoyin naƙasassu da 'yan majalisa ya sa ta janye wannan sashe a watan Yuli.

Mu dawo gida. A Nijeriya babu tsarin biya wa talaka kuɗin haya irin wancan, amma muna da dokoki. Akwai dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta 2018, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda za su shigu. Jihar Legas ta kafa dokar naƙasassu tata da ofishin kula da su, ta kuma yi dokar haya a 2011, wadda ta tanadi notis na wata shida ga mai biyan haya shekara-shekara, in ba a rubuta wani wa'adi a yarjejeniya ba.

Don haka ina ba da shawara huɗu. Ɗaya, kowane gida ya adana rasit na haya, da takardar yarjejeniya, da takardun asibiti. Da takarda waɗancan suka yi nasara. Biyu, duk takardar da ta zo daga hukuma ko mai gida, a kai wa wanda zai karanta a ranar, domin ƙorafi yana da wa'adi. Uku, ƙungiya ta rubuta sunayen makafi da guragu da kurame da ke haya a unguwanninmu, a san halin da kowa ke ciki kafin a watso masa kaya waje. Huɗu, idan hukuma ta zo da sabon tsari, na tallafi ne ko na rusau, mu tambaya tun da wuri: me ke rataye da wannan abu da za a taɓa, kuma ina marasa ƙarfi za su kwana?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai tambaya ya ɗaga hannu, sakatare zai rubuta.