Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Maganata yau kan kamfanonin sufurin fasinja ce. A ce motar kamfani ta kife da tsakar dare a hanyar Kaduna zuwa Abuja, wa zai fara motsawa? Ni dai shawarata, a ware rana a yi atisaye tun kafin abin ya faru. Wane ya kira 122, lambar hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC. Wane ya ɗauko takardar sunayen fasinjoji ya sanar da iyalansu. Wane ya garzaya asibiti da kuɗin magani. Mutum ɗaya tak zai yi magana da 'yan jarida. A duba agogo, a ƙirga mintocin. Kada uwa ta fara ganin ɗanta a Facebook kafin kamfani ya kira ta.