Iyakokin Ƙwayoyin Ƙarfe a Lokacin Ƙira

Wanda ya dubi ƙarfe da ido zai zaci dunƙule guda ne. Amma in aka goge shi, aka sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai a ga ashe ƙwayoyi ne birjik manne da juna, kowace da iyakarta, kamar gonakin maƙwabta. A kan waɗannan iyakoki ne wannan lacca za ta tsaya, musamman a gaurayen ƙarfen nikel da ake ƙera cikin injin jirgin sama da shi.

Alal misali, akwai gaurayen da ake kira Inconel 718, wanda Herbert Eiselstein ya ƙago a Amurka. Fiye da rabinsa nikel ne, sa'an nan akwai niyobiyam wajen kashi 5 cikin ɗari. Da shi ake ƙera faifan da ke riƙe da fikafikan injin, kuma yana jure aiki har zuwa zafin digiri 650 a ma'aunin Salshiyas.

To, yayin da aka gasa shi ana matsa shi da injin ƙira, sai nikel da niyobiyam su haɗu su fitar da wasu 'yan tsakuwoyi a bakin iyakokin nan, waɗanda masana suke kira delta. Amfaninsu irin na turke ne, watau suna ɗaure iyaka, su hana ƙwaya ƙara girma. Ƙananan ƙwayoyi kuwa su ne ke sa faifai ya daɗe yana juyawa bai tsage ba.

Sai dai abin yana da ƙa'ida. In zafi ya haura wajen digiri 1000, delta narkewa take yi ta koma cikin ƙarfen, ƙwayoyi su sami sake su yi ta girma. In kuwa aka jinkirta a ƙasa da haka, sai ta yi yawa, ta cinye niyobiyam ɗin da ake bukata domin ƙarfafa cikin ƙwayar kanta. Kowane ɗaya daga cikin biyun nan rauni ne.

Saboda haka maƙerin wannan ƙarfe tsakanin ramuka biyu yake tafiya. Maƙerin gargajiya launin wuta yake duba, shi kuwa wannan ma'auni da agogo ne idonsa, domin kuskuren 'yan digiri kaɗan a maƙera yana iya ɓuya shekara da shekaru, ya bayyana ran da jirgi ke sama ɗauke da rayukan mutane.