Dutsen Dala: Wuri Ɗaya, Ma'anoni Da Yawa

Kowane Bakano ya san Dutsen Dala, amma ba kowa ne ya lura da cewa dutsen da yake gani a yau ba shi ne wanda mutanen da suka gani ba. Dutsen kam yana nan inda yake. Abin da ya sāke shi ne matsayinsa a zukatan jama'a.

Masu binciken kayan tarihi sun gano alamun narkar da tama a wurin tun wajen ƙarni na 7, watau ƙarfe ne ya fara jawo mutane. Daga baya sai wurin ya zama cibiyar tsafi. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Barbushe, babban bokan mutanen wancan zamani, a kan Dala yake zaune. Shi kaɗai yake shiga wurin Tsumburbura, wanda yake a gindin wani itace da aka kewaye da katanga. Jama'a sukan kawo baƙaƙen karnuka da baƙaƙen kaji da baƙaƙen awaki, sa'an nan ya fito ya gaya musu abin da zai auku a shekarar.

Amma sarauta ba ta son kishiya. Sarki Tsamiya (1307–1343) ya auka wa wurin tsafin ya rusa shi, don kuwa ikon bokaye yana tauye nasa. A zamanin Sarki Yaji (1349–1385) Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci, aka gina masallaci a gindin itacen tsafi. Wannan mataki bai yi wa Maguzawa daɗi ba, har sukan zo da dare su ƙazantar da masallacin. Sai a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) aka sare itacen aka gina hasumiya a gurbinsa. Abin lura a nan shi ne, ba a ƙaurace wa wurin ba, gadonsa aka yi. Sabon addini ya karɓi kwarjinin da tsohon ya bari, ya juya shi zuwa alƙibla.

A yau an yi wa Dala matakala, 'yan makaranta da baƙi suna hawa don hangen birni, sunansa kuma ya zama sunan ƙaramar hukuma. Tsoro ya gushe, alfahari ya maye gurbinsa.

Sai dai a nan ne haɗarin yake. Wurin da ake tsoro, tsoron ne yake tsare shi. In tsoro ya kau, ba abin da zai kare shi daga zaizayar ƙasa da cunkoson gidaje sai ilmi da hukuma. Kiyaye Dala ba komawa ga Tsumburbura ba ne, adana shaida ce ta hanyar da Kanawa suka biyo har suka zama abin da suke a yau. Wannan nauyi kuwa yana wuyan ɗalibai masu bincike da ma'aikata masu tsara gari.