Saitin da ke tafiya da ɗaukewar wuta

Zancen yau na masu kula da sabar Linux ne, musamman wadda ke raba wa ofis ko shago intanet.

Kanel, wato zuciyar Linux, yana zuwa da nasa saitin sadarwa tun daga tushe. Misali, a asalinsa ba ya miƙa saƙo daga wannan hanyar sadarwa zuwa waccan, domin lambar ip_forward sifiri ce. Sai injiniya ya buga umarnin sysctl ya mayar da ita 1, intanet ya kai ga kowa, ya kama gabansa. To, wannan gyara a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake zaune. Ranar da aka ɗauke wuta na'ura ta sake tashi, kanel zai koma sifirinsa, a yi ta zargin kamfanin waya alhali ba ruwansa.

Maganinsa a rubuta saitin cikin fayil a jakar /etc/sysctl.d, wadda ake karantawa duk lokacin da na'ura ta tashi. Ku lura, bisa jerin haruffan suna ake bin fayilolin, kuma na ƙarshe shi ke da rinjaye: mai farawa da 99 ya danne mai farawa da 50. Masu Debian 13, wadda ta fito a Agustan 2025, ku buɗe kunne: yanzu ba a karanta tsohon fayil ɗin nan /etc/sysctl.conf a lokacin tashi.

Amma abin da ya fi damuna shi ne tsohon saiti da aka manta da shi. Akwai somaxconn, mai iyakance yawan masu jiran layin shiga saba. Shekara da shekaru 128 ne, shi ya sa mutane suka riƙa ɗaga shi zuwa 1024. A 2019, Linux 5.4 ya mayar da shi 4096. Ke nan wanda har yau yake kwafar tsohon fayil ɗinsa daga na'ura zuwa na'ura, rage wa kansa yake yi, yana zaton ƙari ne.

Don haka duk layin da kuka rubuta, ku sa dalilinsa da kwanan wata a samansa. Bayan kowane sabuntawa, ku sake kunna na'urar da gangan, ku buga sysctl -a ku gwada da abin da ke fayil. Layin da ba ku san amfaninsa ba, ku bincika kafin ku bar shi.