Malamin Firamare da Randar Gidanmu

Iyayenmu da 'yan'uwa 'yan kasuwa, na Jibiya da na Maraɗi, na Illela da na Ƙonni.

Cuta ba ta tsayawa a bakin iyaka ta nuna takarda. Saboda haka maganarmu ta yau a kan malamin da ke koya wa 'ya'yanku kimiyya take, da irin horon da ya kamata ya samu kafin ya riƙe alli.

Ku tuna da kurkunu. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa da shi duk shekara a Afirka da Asiya, ga shi ba allurar rigakafi, ba maganin sha. Sani ne ya karya lagonsa: an gane cewa 'ya'yan tsutsar suna shiga cikin wasu ƙananan halittun ruwan tafki, sai aka koya wa jama'a tace ruwa da ƙyalle, aka hana mai ciwon tsoma ƙafa inda ake ɗiba. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Najeriya da Nijar sun rabu da shi, amma har yanzu ana fama a Chadi.

Irin wannan sanin muke so makarantun horon malamai su ɗora ɗalibansu a kai. Idan darasin ruwa ya zo, malami ya sa a ɗebo na rijiyar unguwa, a tace a gaban yara su ga abin da ƙyalle ya tare, domin gani ya kori ji. Ya kuma bayyana musu cewa ruwa kan yi garau alhali yana ɗauke da ƙwayar kwalara, sai an tafasa shi ko an sa masa maganin tsarkake ruwa. Darasin awo ya zama haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Darasin ƙwari kuwa, a leƙa kwatami da tsofaffin tayoyi inda sauro ke ƙyanƙyasa.

Naku aikin, iyaye, shi ne ku buɗe wa malami ƙofa idan ya kawo yara duba rijiya ko rumfar mai abinci. In ɗiyarku ta dawo ta ce a rufe randa, a ware moɗar ɗiba, kada a ce ta yi rashin kunya. A tambaye ta dalili, a saurara.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa wa kasuwa albarka.